Nasiha Kan Koyon Ƙirar Wasan Kwamfuta

Ya ku iyaye, idan yaro ya nemi koyon ƙirar wasan kwamfuta, kada ku gaggauta saya masa na'ura mai tsada. Ba a shiga farfaru sai an san babbaƙu. Ya fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, inda ake jera umarni kamar tubali. Sa'an nan ya wuce Python. Wasansa na fari ya zama ƙarami, misalin Pong na 1972, ƙwallo ɗaya da sanduna biyu. Lalle ne ya kammala shi, domin wanda ya ɗauko babban aiki tun farko yakan yar da shi a tsakiya, kuɗin uba su tafi a banza.