Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙasa: Jinin Tudun Biri Yana Jiran Hukunci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa kuma Babban Kwamandan Askarawan Najeriya, Alhaji Bola Ahmed Tinubu.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne don in tuna maka wani bashi da ke wuyan ofishinka.

A daren Lahadi, 3 ga Disamba 2023, jirgin soja mara matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, mutanen gari da ƙungiyar Amnesty suka ce adadin ya kai 120. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa bam na biyu ya sauka ne a kan waɗanda suka rugo ɗaukar 'yan uwansu. Duk mun ga hotunan gawawwaki a jere cikin dogon rami, wasu likkafanin ƙanana ne ƙwarai. Ka ba da umarnin a yi cikakken bincike. A watan Mayun 2024 Hedikwatar Tsaro ta ce an kammala, kuma mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja. Daga nan sai shiru. Ba a ba jama'a rahoton sun karanta ba, kuma uwar da ta rasa 'ya'yanta a daren nan ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata wa ya ba da umarni, da kuma abin da ya gani kafin ya bayar.

Ba na cikin masu cewa a daina yaƙi da 'yan bindiga. Wanda ya kwashi ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, wanda ya aza wa manomi haraji kafin ya girbe gonarsa, dole a tunkare shi da ƙarfi. Sojojin da suka kwanta dama a Metele a 2018 'ya'yan talakawa ne, wasu sun bar mata da goyo, kuma muna musu addu'a. Yaƙin yana da hujja. Sai dai hujjar shiga yaƙi daban, yadda ake yin sa daban. Mutum yana iya fita da gaskiya a hannunsa, ya dawo da alhakin bayin Allah a kansa.

Kuma Tudun Biri ba shi ne farau ba. A 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, daidai lokacin da ma'aikatan agaji ke rabon abinci. Sama da mutum ɗari suka mutu. Bayanin da aka fitar daga baya shi ne wai sansanin ba ya cikin taswirar da sojoji ke aiki da ita. A Disambar 2022 aka yi na Mutumji a Zamfara. A Janairun 2023 aka kashe makiyaya kusan 40 a yankin Doma ta jihar Nasarawa, suna sauke shanunsu daga mota bayan sun biya tara sun karɓo su. Ba a ji an hukunta kowa ba. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe, shekarar ba ta ƙare ba sai da aka yi na Tudun Biri. Bayansa ma abin bai tsaya ba: an yi a Silame ta jihar Sakkwato ranar Kirsimetin 2024, an yi a Tungar Kara ta Zamfara a Janairun 2025, inda bam ya faɗa kan 'yan sa-kai da suka fito kare garinsu.

Kowane lokaci amsar ɗaya ce: ba da gangan ba ne. Na yarda. Ban taɓa zaton akwai hafsan da ya tashi da niyyar kashe yara a wurin yabon Annabi ba. Amma direban da ya take mutum a hanya shi ma ba da gangan ya yi ba, duk da haka sai an kai shi gaban alƙali an tambaye shi gudun da yake yi da lafiyar birkinsa. Rashin niyya yana rage nauyin laifi, ba ya ɗauke haƙƙin mamaci. Shari'ar Musulunci ta yanke diyya da kaffara a kan kisan kuskure, hukuncin yana nan a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i.

Ranka ya daɗe, akwai wani labari a tarihin Musulunci da nake so ka tsaya a kansa. Bayan buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya aika Khalidu ɗan Walidu wurin ƙabilar Banu Jazima. Mutanen sun so su bayyana musuluntarsu, amma ba su iya faɗin ta yadda aka saba ba. Khalidu ya yi musu mummunar fahimta, aka kashe wasu daga cikinsu. Da labari ya iso Makka, Manzon Allah bai ce a rufe maganar don kada gwiwar mayaƙa ta yi sanyi ba. Ya ɗaga hannuwansa a gaban jama'a ya barranta ga Allah daga abin da Khalidu ya aikata. Sannan ya aiki Sayyadina Ali da dukiya ya biya diyyar kowane rai da kowace asara, har marubuta tarihi suka ce sai da aka biya kwanon da kare ke shan ruwa a ciki. Khalidu fa shi ne gwarzon da ake yi wa laƙabi da Takobin Allah. An ambaci sunansa, an ce ya yi ba daidai ba, kuma rundunar ba ta rushe ba. Bayan haka Sayyadina Abubakar ya yi wa kwamandojinsa wasiyya kada su taɓa mace ko yaro ko tsoho, kada su sare itace mai 'ya'ya, kada su yanka dabba sai don ci. Da maƙiya na sosai suke gwabzawa, amma aka ɗaure musu hannu da waɗannan sharuɗɗa.

Dokar zamani ma a kan wannan turba take. Najeriya ta shiga Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, waɗanda suka haramta taɓa wanda ba ya cikin faɗa. Abin da dokar yaƙi ke nema ga mai harbi shi ne ya tantance kafin ya harba, in kuma ya yi kokwanto ya ɗaga hannu. Hafsan da ke zaune gaban allon kwamfuta da dare, inuwoyi kawai yake gani sun taru wuri ɗaya. Allon ba zai gaya masa ko Mauludi ba ne, ko biki, ko zaman makoki, ko kuwa taron 'yan bindiga. Mai unguwa ya sani. Dagaci ya sani. Tudun Biri ba a bangon duniya take ba, tana kusa da birnin Kaduna inda hedikwatar runduna ta ɗaya take. Shin an tambayi wani a ƙasa kafin a saki bam na farko? Tsakanin na farko da na biyu, wa ya sake dubawa? Rahoton da ke kulle a ofis ne kaɗai zai amsa.

Ka dubi kuma abin da talakan karkara ya riga ya sadaukar. A 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan maƙwabtanta, an rufe kasuwannin mako, an taƙaita hawa babur da sayar da fetur a jarka. Mutane suka haƙura da 'yancinsu na zirga-zirga da neman abinci, saboda an ce musu tsaro ake nema musu. Yau mutumin nan gaba kura baya sayaki: in ya shiga daji ɗan bindiga, in ya taru da 'yan uwansa a fili yana ɗaga kai yana sauraron ƙugin sama. Wanda ke fargabar zuwa jana'izar maƙwabcinsa ba za a ce yana da 'yanci ba, ko da kuwa sashe na 33 na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin rayuwa a rubuce. Kuma ko ta fuskar dabarar yaƙi aka duba, asara ce. Da bayanan mutanen ƙauye ake gano maɓoyar ɓarayin daji. Saurayin da ya tsinci gawar mahaifiyarsa da hannunsa, aka kuma ƙi yi masa bayani, da wuya ya sake kai wa soja rahoto.

Na san an je jaje. Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, ya taka har ƙauyen ya nemi afuwa, kuma wannan hali ne na dattako, Allah ya saka masa. Mataimakinka ya je Kaduna ya duba majinyata, 'yan majalisa sun yi karo-karo, an yi alkawarin gine-gine. Duk alheri ne. Amma kyauta tana hannun mai bayarwa, in ya ga dama ya ba da, in ya ga dama ya fasa. Haƙƙin jini kuwa na magada ne, ana lissafa shi rai bayan rai, da sunan kowane mamaci. Mutanen Rann da Mutumji da Doma, waɗanda ba su sami irin wannan kulawa ba, jininsu bai fi na kowa araha ba.

Don haka nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka sa a fito da rahoton Tudun Biri da na Rann. In akwai sirrin aikin soja a ciki a cire shi, a bar mana sauran, a fassara shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci don waɗanda abin ya shafa su ji da kunnensu. A sanar da ƙasa yadda shari'ar mutum biyun nan ta ƙare, da kuma ko binciken ya hau sama ya kai ga wanda ya sa hannu. Ka aika wa Majalisa ƙudurin dokar da za ta wajabta biyan diyya ga duk farar hular da makamin gwamnati ya kashe ko ya naƙasa, tare da mai bincike wanda ba ya ƙarƙashin rundunar da ake bincika. Sannan ka ba da umarni a rubuce cewa kada a ƙara sakin bam a kan taron jama'a sai wani da ke ƙasa ya tabbatar da ko su wane ne.

Kai ne Babban Kwamanda, kuma duk waɗannan suna cikin ikonka. Don girman Allah ka fara da rahoton.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga jihar Kaduna.