Dandalin Fasaha: Me Ke Kawo Yashi a Bidiyon Dare?

A wannan wata zancenmu zai karkata ne ga samarinmu masu sana'ar ɗaukar bidiyo a wuraren biki da suna da maulidi, da kuma iyayen biki masu biyansu, domin koke ya fara yawa tsakanin ɓangarorin nan biyu, daga Nima har Aboabo. Uwar amarya ta biya kuɗi masu kauri, an ɗauki biki tun daga lalle har kai amarya, amma da aka kawo mata aikin sai ta ga na rana ya fito tas, na dare kuwa fuskoki duk sun cika da tsaki-tsaki masu motsi, wasu ja wasu kore, kamar an watsa wa allon yashi. Shi kuma yaro ya rantse kyamararsa sabuwa ce, irin marar madubin nan da ake yayi. To, gaskiyarsa. Amma fa biki ba a maimaita shi, kuma 'yan'uwan da ke Jamus da Amurka da Jidda wannan hoton kaɗai za su gani.

Ita dai marar madubi, tun daga 2008 da kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1 ta shigo kasuwa, yanzu kuwa Sony da Canon da Nikon da Fujifilm duk ita suke yi. An cire mata madubin da ke cikin kyamarorin da, saboda haka haske yana ratsa gilashi ya faɗa kai tsaye kan wani ɗan faranti da ake kira sansa, wanda aka yanka gida-gida har miliyoyi. A kan farantin nan yashi ke tasowa, kuma babban dalilinsa ƙarancin haske ne.

Bari in kawo misali irin na aji. A ce ka tsaya kan guraben dara ka watsa gero ɗan yatsa uku. Wani gurbi zai sami ƙwaya biyar, wani biyu, wani ko ɗaya. Amma in ka watsa mudu guda, kowane gurbi zai sami rabonsa kusan daidai da na maƙwabcinsa. Haka haske yake, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ba da tsari ba. Gidan da ya kamata ya sami ƙwaya 100 yakan sami ƙari ko ragi na wajen 10, wato kashi 10 cikin 100. Wanda kuwa ya kamata ya sami 10,000, ƙarinsa ko raginsa wajen 100 ne, wato kashi 1 cikin 100 kacal. Wannan rashin daidaito tsakanin gida da gida shi ido ke gani a matsayin yashi, kuma da yake kowane hoto cikin 25 da ke wucewa a sakan guda da irin nasa rabon, sai ya riƙa motsi kamar tururuwa. Lissafin da za a riƙe shi ne, in ka ninka haske sau 4, yashi zai ragu da rabi.

Yawancin yaranmu lambar ISO suke ɗora wa laifi. Ita kuwa ISO ba ta ƙara haske ba ta rage shi, aikinta kamar na maƙunnin ƙarar rediyo ne. Dattawan da suka saba kama tasha a gajeren zango sun sani, in tasha ba ta kamu da kyau ba, ƙara murya sai ya ƙara har da shuuu ɗin. Amma kuma rage murya ba ya sa tasha ta kamu. Saboda tsoron ISO sai ka ga yaro ya bar ta a 800 cikin duhu, hoto ya fito baƙi ƙirin, wai in ya koma gida zai haska shi a kwamfuta. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago, domin bidiyo a matse kyamara ke ajiye shi, abin da ke cikin duhu ta riga ta zubar da yawancinsa. Gara ka kai ISO 3,200 fuska ta fito daidai tun a wurin.

To, ta ina za a samo hasken? Da farko a duba gilashi. Wanda ake haɗowa da kyamara daga kanti yawanci ƙofarsa daga f/3.5 take zuwa f/5.6, kuma da ka jawo hoto kusa sai ta tsuke zuwa 5.6 ɗin. Gilashin 35mm ko 50mm mai buɗewa f/1.8 yana shigar da hasken da ya kusa ninka na f/5.6 sau 10, alhali yana cikin gilasai mafi araha. A ganina yaron da ke tara kuɗin sabuwar kyamara bai mallaki irin wannan gilashi ba, ya sa keke gaban doki ne da kansa, kuɗinsa kawai zai ƙone. Sai dai a kula, a f/1.8 abin da ke fitowa sarai ɗan siriri ne, amarya ta fito, ƙawayenta na baya su yi dishi-dishi. In sahu biyu ne ko uku, a koma 2.8 ko 4.

Sai saurin ƙifta, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske. Mai ɗaukar hoto 25 a sakan, ƙa'idarsa 1/50. Yanzu an shiga yayin ɗaukar komai da 50 a sakan domin a sassauta tafiyar amarya kamar a fim ɗin Indiya, wannan kuwa yana bukatar 1/100, ka ga an yar da rabin haske ke nan. A bar wannan ado da rana. Kuma wutar lantarkinmu a nan Gana bugu 50 take yi a sakan, ta Amurka 60, saboda haka wanda ɗan'uwa ya aiko masa kyamara daga can ya shiga saitinta ya mai da ita tsarin PAL, in ba haka ba fitilun rumfa za su riƙa yi masa ƙyafta-ƙyafta ko ratsi-ratsi a hoto.

Amma uwa uba ita ce fitila. Masu shekaruna za su tuna masu bidiyon kaset na da, da ƙatuwar kyamara a kafaɗa, yaro na biye da fitila mai zafin da ke sa amarya gumi har kwalliya ta narke. Mukan yi musu dariya, alhali kuwa sun san abin da suke yi. Yau ga fitilun LED masu batir, ba zafi, ba ruwansu da ɗauke wuta, amma yaranmu suna ganin riƙe fitila ƙauyanci ne. Ga wani lissafi kuma: fitilar da ke nesa da mutum mita 4, in ka matso da ita mita 2, hasken da ke kansa ya ninka sau 4, yashi ya ragu da rabi, ba ka kashe ko sidi ɗaya ba. In ta yi kaifi a ido, a yafa mata farin ƙyalle ko a haska farin bango ya maido. Ya kuma kamata mai ɗauka ya isa wurin kafin magariba, ya roƙi masu gida a ajiye kujerar amarya da ango inda fitila ta fi ƙarfi, hasken ya zo ta gabansu.

Akwai wata matsala da ta fi shafar tarukanmu, ban kuma cika jin ana maganarta ba. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mai da duk abin da ya gani tsaka-tsaki ne, ba fari ba baƙi. To, ga malamai sahu guda cikin fararen riguna da rawuna a wurin maulidi. Kyamara ta ga fari ya cika ido, sai ta rage haske, riguna su fito da kyau, fuskokinmu kuwa, da yake baƙaƙe ne, su nutse cikin duhu inda yashi ya fi yawa. Maganinsa a ƙwace saiti daga hannun kyamara a auna da fuska. A kunna alamar nan mai zane irin na jakin dawa, wadda ke nuna inda fari ya ƙone, a yi ta ƙara haske har ta fara bayyana a kafaɗar riga, sannan a ɗan ja baya kaɗan.

Tsarin launi da ake kira log, wanda ke fitar da hoto fari-fari sai an gyara, shawarata a bar shi da dare sai ga wanda ya ƙware, domin yana tono abin da ke cikin inuwa ya fito da yashinsa. Wasu kyamarori kuma matakin ISO biyu gare su masu tsabta. Panasonic GH5S tana da 400 da 2,500, Sony A7S III a tsarin S-Log3 tana da 640 da 12,800, har ma hoton 12,800 ya fi na 10,000 tsabta. Kowa ya binciki tasa, ya gwada ta a tsakar gida da dare kafin ranar aiki.

In an riga an ɗauka da yashi, akwai manhajojin wanki, irin su Neat Video da DaVinci Resolve na saye, waɗanda ke gwama hoto da na gabansa da na bayansa su share abin da ya saɓa. A fara da cire ɗigon ja da kore, su suka fi muni, a bar ɗan tsakin da ba launi. In aka matsa wanki, fuskar amarya sai ta koma ta 'yar tsanar roba, zanen lalle da aikin wuyan riga su shafe, masu rawa kuma su riƙa jan inuwa a bayansu. A kuma yi wankin kafin a tura, domin WhatsApp yana ƙara matse bidiyo, yashin da ya tarar sai ya dunƙule shi ya zama tabo-tabo a wayar mai kallo.

Ku kuma iyayen biki, kafin ku yi ciniki kada ku tsaya tambayar sunan kyamara. Ku ce ya nuna muku aikin dare da ya taɓa yi, ku tambaye shi fitila nawa zai kawo da wanda zai riƙe masa, a sa kuɗin yaron fitilar cikin ciniki tun farko.