Ajiya Maganin Wata Rana

A wannan fitowa za mu duba batun adana wasiƙunmu na imel da takardun da ke tafe da su, domin a yau rasidin kuɗi, takardar fili, sakamakon jarrabawar yara da lissafin ƙungiya duk ta wannan hanya suke zuwa mana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutun kuwa ba ya amfani sai an same shi ranar da ake nemansa.

Mu mutanen Wagadugu ba sai an ba mu labarin yadda takarda take salwanta ba. A shekarar 2003 aka rushe Zangwetin, tsohon zangon Hausawa, saboda shirin ZACA, iyalai suka kwashe kayansu zuwa sababbin unguwanni. Ranar 1 ga Satumba 2009 aka tafka ruwan sama fiye da milimita 260 a yini guda, ambaliya ta shafi mutane kimanin 150,000, ta shiga asibitin Yalgado Ouédraogo, ta kuma jiƙa ma'ajiyar finafinan Afirka ta FESPACO. Ranar 30 ga Oktoba 2014 wuta ta cinye ginin Majalisar Dokoki. Idan wurare masu masu gadi da ma'aikata ba su tsira ba, ina ga kwamfuta ɗaya da ke kan teburin sakatare?

Ya kamata mu fara sanin inda wasiƙunmu suke kwana. Mai amfani da Outlook, sau da yawa wasiƙunsa suna tare ne cikin fayil guda mai suna PST a cikin kwamfutarsa. In faifan kwamfutar ya lalace, ko ɓarawo ya ɗauke ta, wasiƙun shekara goma sun tafi ke nan. Saboda haka ofisoshi suke ajiye faifan tarayya, wanda duk kwamfutocin ofis suke haɗe da shi. Sai dai kamfanin Microsoft da kansa ya yi gargaɗin kada a riƙa aiki da PST kai tsaye daga irin wannan faifai, domin yankewar wuta ko ta layi tana iya ɓata fayil ɗin. Hanyar da ta dace ita ce a rufe Outlook, sannan a kwafi fayil ɗin zuwa faifan tarayya, a rubuta kwanan wata a jikin sunansa.

Amma faifan da ke ɗaki ɗaya da kwamfuta, ruwan da ya ci ta zai ci shi. Shi ya sa masana suke ba da shawarar kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 kuma a wani wuri dabam. A wajenmu, wannan na nufin kwamfutar ofis, faifan tarayya, da wani faifai na hannu da za a damƙa wa amintacce a wata unguwa mai tudu, a riƙa sabunta shi duk wata.

Wani zai ce shi hankalinsa kwance yake, tunda wasiƙunsa suna Gmail. To, intanet ma gine-gine ne cike da na'urori. A watan Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu da ba su da kwafi a wani wuri sun yi hasarar da ba ta mayuwa. Haka nan tun daga Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a buɗe shi ba. Wannan ya shafi dattawanmu da 'ya'yansu suka buɗe wa asusu aka manta, da mamatan da takardun gadonsu suke ciki. Akwai hanyar sauke dukkan wasiƙu da ake kira Google Takeout, kyauta ce, a yi amfani da ita.

Abubuwa biyu suka rage. Na farko, a riƙa gwada buɗe kwafin lokaci-lokaci, domin rumbun da ba a leƙawa, sai ranar yunwa ake gane gara ta gama da shi. Na biyu, wasiƙun jama'a amana ne. A kulle faifan da kalmar sirri, a rubuta ta cikin ambulan, a ba mutum biyu masu gaskiya, don kada rasuwar sakatare ko tafiyarsa ta rufe wa ƙungiya ƙofar tarihinta.

Muna kira ga matasanmu masu ilimin kwamfuta su zauna da iyayensu su yi musu wannan aiki kafin damina ta kankama. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.