Keke Ba Bindiga Ba Ne: Martani

Wani marubuci ya fito a jarida a nan Yamai yana cewa hatsarin keke da babur ya fi bindiga cin rai, don haka a sakar wa kowa mara ya mallaki makami. Wannan magana ba ta kama hankali ba.

Babu mai musun ɓarnar hanya. Duk wanda ya leƙa ɗakin gaggawa na babban asibitin Yamai ya ga ƴan kabu-kabu da karyayyun ƙafafu, jini ya jiƙa bandeji. Amma mai keken da ke haura gadar Kennedy da buhun gawayi a baya abinci ya fito nema, kuma in tsautsayi ya faɗa, galibi kansa yake ji wa ciwo. Ita kuwa bindiga don kisa aka ƙera ta.

Marubucin ya manta da Tillia ne? Ranar 21 ga Maris 2021, mahara suka afka wa ƙauyukan yankin, a jihar Tahoua, gwamnati ta ƙirga gawa 137. Bisa babura suka zo, gaskiya ne, amma harsashi ne ya kashe mutanen, cikin yini guda. Wane hatsarin keke ya taɓa yin haka?

Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan masifa. Shi ya sa aka ƙona tarin makamai a Agadez ranar 25 ga Satumba 2000, bayan tawayen arewa. Masu riƙe da bindiga ba bisa ƙa'ida ba su miƙa ta ga hukuma.