Lasin Tuƙin Jirgin Ruwa: Makaranta Tana Nan, Jirgin Ne Babu

A kowace shekara Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Ruwa da ke Oron, a Jihar Akwa Ibom, takan yaye samari da 'yan mata waɗanda suka karanta ilmin tuƙin jirgi a teku, a miƙa musu takardar difloma, iyaye su yi murna. Abin da galibin jama'a ba su sani ba, har da wasu daga cikin masu neman shiga makarantar, shi ne wannan takarda ba ta ba mai ita ikon riƙe tuƙin jirgi ko da na sa'a guda. Takardar da ke ba da wannan iko daban take. Ita ce takardar shaidar ƙwarewa, watau lasin hafsan jirgi, kuma hukumar gwamnati mai kula da sufuri da kiyaye lafiya a teku, wadda aka fi sani da NIMASA, ita ce ke bayar da ita bayan jarrabawa. Tsakanin takardun nan biyu akwai wata 12 na aiki a cikin jirgi a kan teku, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke maƙalewa shekara da shekaru.

Ba Nijeriya ce ta ƙago wannan sharaɗi ba. Kafin shekarar 1978 kowace ƙasa ita ke yanke wa kanta irin ilmin da za ta nema daga kyaftin da mataimakansa, wasu su tsananta, wasu kuwa su yi ko oho. Aibin wannan hali ya fito fili a watan Maris na 1967, sa'ad da jirgin dakon mai mai suna Torrey Canyon ya hau kan duwatsu a gaɓar kudu maso yammacin Ingila ɗauke da ɗanyen mai fiye da tan 100,000. Jirgin yana ɗauke da tutar Laberiya, ma'aikatansa Italiyawa ne, man kuwa na kamfanin Ingila ne, kuma binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan kyaftin, wanda ya bi gajeriyar hanya don ya cim ma lokaci. Ƙasashe suka fahimci cewa kuskuren mutum guda da ya sami lasinsa a wata ƙasa mai nisa yana iya ɓata gaɓar tekun wata ƙasa dabam. Saboda haka ne hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da harkar jiragen ruwa, wadda ke da hedkwata a London, ake kuma kiranta IMO a yanzu, ta zartar da yarjejeniyar horarwa da ba da lasi da tsaron tuƙi ran 7 ga Yuli, 1978. Yarjejeniyar, wadda ake taƙaita sunanta da STCW, ta fara aiki ran 28 ga Afrilu, 1984. An yi mata babban gyara a 1995, bayan haɗura irin na gobarar jirgin fasinja Scandinavian Star a 1990, inda fiye da mutum 150 suka halaka, aka kuma sake yin wani gyaran a birnin Manila a 2010.

MATAKAN TSANI

Bisa ga wannan yarjejeniya, mai son zama hafsan da ke tsaron tuƙi a jirgin da girmansa ya kai tan 500 ko fiye, dole ne ya cika shekara 18 da haihuwa, ya gama karatun da hukuma ta yarda da shi, sa'an nan ya yi aƙalla wata 12 a teku a matsayin ɗalibi. A cikin waɗannan watanni, shida dole ne ya yi su a ɗakin tuƙi ƙarƙashin idon kyaftin ko wani hafsa mai lasi, kuma yana riƙe da wani littafi wanda ake sa masa hannu a kan kowane aiki da ya nuna ya iya. Wanda bai bi ta hanyar makaranta ba, sai ya yi wata 36. Ana kuma bukatar ya iya aiki da rediyon neman agaji, ya san kashe gobara da sarrafa kwalekwalen ceto da taimakon farko, ya kuma iya Turanci gwargwadon yadda zai karanta taswira ya yi magana da wani jirgi ko da tashar ruwa.

Daga nan sai hawa na biyu. A jirgin da ya kai tan 3,000, hafsa ba ya zama babban mataimakin kyaftin, wanda shi ne mai kula da lodi da daidaiton jirgi, sai ya yi wata 12 yana tsaron tuƙi da lasinsa na farko, ya kuma ci wata jarrabawar. Kujerar kyaftin kuwa tana neman wata 36, amma ana rage su zuwa 24 idan 12 daga ciki ya yi su ne a matsayin babban mataimaki. Watannin nan duka na zama ne a cikin jirgi, ba a lissafa hutu ko zaman jiran aiki, shi ya sa a al'ada mutum kan kwashe kusan shekara 10 daga shiga makaranta zuwa zama kyaftin. Ko bayan ya samu, lasin ba na har abada ba ne. Kowace shekara 5 sai an sabunta shi, takardar likita kuwa ba ta wuce shekara 2.

Akwai wani abu ƙarami da ya kamata ɗalibi ya bincika tun kafin mahaifinsa ya biya kuɗin makaranta, watau idonsa. Da dare jirgi yana nuna jar fitila a gefen hagu da koriya a gefen dama, kuma da su ne hafsa ke gane inda wani jirgi ya dosa. Wanda idonsa ba ya rarrabe ja da kore ba zai sami lasin tuƙi ba, kome yawan makinsa a lissafi.

Wani zai ce wata 12 ɗin nan ai wahalarwa ce kawai irin ta ma'aikatan ofis. Ba haka ba ne. Babban jirgin dakon mai idan ya cika ba shi da birki, yakan yi tafiyar kilomita da dama kafin ya tsaya. Hafsa yakan tsaya tsaro sa'a 4 ya huta 8, kuma daga tsakar dare zuwa ƙarfe 4 na asuba, sa'ad da kyaftin yake barci, sau da yawa matashi ne tare da mai duba hanya guda ɗaya ke riƙe da jirgin da rayukan duk waɗanda ke cikinsa. Dokokin kauce wa karo na 1972 ana iya haddace su a aji, amma sanin lokacin da za a kauce, da lokacin da za a ta da kyaftin daga barci ba tare da jin kunya ba, wannan sai a kan ruwa. Na'urar kwaikwayon tuƙi da makarantu ke saye tana da amfani ƙwarai, sai dai ba ta cike gurbin waɗannan watanni ga mai neman lasin farko.

Ya kamata a faɗa a nan cewa yarjejeniyar ta shafi jiragen da ke shiga teku ne kaɗai. Direban kwalekwale mai inji a Yawuri ko Lakwaja ba ya ƙarƙashinta. Shi yana hannun hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, kuma haɗarin Warra a Jihar Kebbi a 2021 da na Patigi a Jihar Kwara a 2023 sun nuna cewa can ma maganar wa ya cancanci tuƙi tana bukatar nata zaman.

JIRAGEN DA SUKA TAFI

A da ɗalibin Nijeriya ba ya rasa inda zai yi watanninsa. Kamfanin Jiragen Ruwa na Ƙasa, wanda aka kafa a 1959 da haɗin gwiwar kamfanonin Elder Dempster da Palm Line na Ingila, ya zama mallakar gwamnati gaba ɗaya a 1961. Cikin jiragensa na farko akwai masu suna Dan Fodio da El Kanemi da Oduduwa da King Jaja, daga baya kuma aka shiga sa wa sababbi sunayen kogunan ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin mai ya samu, jiragen kamfanin sun haura 20. Makarantar Oron ta fara ɗaukar ɗalibai a 1979 a daidai wannan lokaci, domin ta ciyar da waɗannan jirage da hafsoshi, aka kuma ɗaga matsayinta da dokar soja a 1988. Bashi da rashin kyakkyawan riƙo suka ci kamfanin, aka riƙa kama jiragensa a tashoshin Turai saboda kuɗin da ake binsa, har aka rushe shi a 1995. Makarantar ta ci gaba da yaye ɗalibai, amma tsanin da za su hau an cire masa matakin farko.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dokar sufurin gaɓar teku ta 2003, wadda ta ce jirgin da zai yi jigila tsakanin tashoshin ƙasar nan ya zama an ƙera shi a nan, 'yan ƙasa ne suka mallake shi, a nan aka yi masa rajista, kuma 'yan ƙasa ne ma'aikatansa. Amma dokar ta ba minista ikon ɗage waɗannan sharuɗɗa idan babu jirgi ko ma'aikaci na gida, kuma wannan ƙofa da aka bari don lalura ita ce ta zama babbar hanya. Dokar ta kuma kafa asusun taimaka wa 'yan ƙasa su sayi jirage, ana cire kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangila ana zubawa a ciki. Shekara 20 bayan haka, a 2023, ba a riga an raba wa masu jirage kuɗin ba. Ɗanyen man ƙasar kuwa an daɗe ana sayar da shi bisa tsarin da mai saye ne ke zuwa da jirginsa, saboda haka kayan da ya fi kowane nauyi da ke barin Nijeriya ba ya ɗaukar ɗalibinta.

Hanya ta biyu ita ce shirin da NIMASA ta ƙaddamar a 2008 na tura matasa karatun aikin jirgi a ƙasashen waje, irin su Masar da Indiya da Filifin da Romaniya da Ingila. Nufin mai kyau ne, amma an fara ne daga inda ba nan ciwon yake ba. Aji ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Da yawa daga waɗanda aka tura sun dawo da digiri ba tare da watannin teku ba, suka shiga layi ɗaya da 'yan Oron, sai daga baya hukumar ta koma tana biyan kamfanonin waje don su ba su gurbi a jiragensu. Inda aka ga bambanci shi ne kamfanin iskar gas na NLNG, wanda yake da jiragen kansa, ya kuma horar da 'yan ƙasa a cikinsu har suka kai manyan muƙamai.

DARAJAR TAKARDA

Idan layin masu jira ya yi tsawo, sai a fara jin masu cewa a sassauta, a karɓi watannin da aka yi a ƙaramin jirgin da ba ya barin bakin tasha, ko a kau da kai ga littafin da aka cike a gida. Wannan shi ne haɗarin da ya fi girma, domin lasin jirgi kamar takardar kuɗi yake, darajarsa tana ga yardar wanda zai karɓa. Tun gyaran 1995 IMO take duba yadda kowace ƙasa ke aiwatar da yarjejeniyar, ta kuma fitar da jerin farko na ƙasashen da suka cika sharuɗɗa a 2000. Bayan wannan ma, ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ba ta barin baƙon hafsa ya yi aiki sai ta amince da hukumar da ta ba shi lasin, ta kuma ba shi takardar amincewa tata. A 2001 babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, David Cockroft, wanda bai taɓa aikin jirgi ba, ya sayi lasin babban mataimakin kyaftin na ƙasar Panama a kan dala 4,500 don ya tona asirin wannan ciniki, abin ya zama abin kunya ga ƙasar. Filifin kanta, wadda take cikin ƙasashen da suka fi ba duniya ma'aikatan jirgi, ta yi shekaru cikin fargabar Tarayyar Turai za ta daina karɓar lasinta saboda raunin wasu makarantunta, sai a watan Maris na 2023 aka yanke cewa za a ci gaba da karɓa, lamarin da ya shafi hafsoshi kusan 50,000.

Hafsoshin Nijeriya sun daɗe suna kukan cewa lasin da yawancinsu ke samu a gida na tafiyar kusa da gaɓa ne, ba wanda ke ba da damar shiga kowane teku ba. Saboda haka mai hali yakan tara kuɗi ya tafi Ingila, ko jami'ar aikin teku ta Ankara, babban birnin Ghana, ya sake zama jarrabawa. Aikin kuwa yana nan yana jira. Rahoton da manyan ƙungiyoyin masu jirage na duniya, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ya ce akwai ma'aikata miliyan 1.89 a jiragen kasuwanci, amma ana da giɓin hafsoshi 26,240.

Abin da ke hannun hukuma a fili yake, kuma bai kai sayen sababbin jirage tsada ba. Duk jirgin waje da aka ɗage wa sharaɗi a ƙarƙashin dokar 2003, ana iya ɗaura masa ɗaukar ɗalibai a matsayin farashin ɗagewar, haka ma jiragen da ke yi wa kamfanonin mai aiki da kwangilar gwamnati. Ana iya kuma daidaita yawan waɗanda makarantu ke ɗauka da yawan guraben da aka tabbatar a teku, ko da hakan zai rage wa makarantun kuɗin shiga, maimakon a ci gaba da buɗe sababbi, kamar jami'ar Okerenkoko ta Jihar Delta da ta fara karatu a 2018, ba tare da an ce ga jirgin da ɗalibanta za su hau ba. Gwamnatin jihar da ke shirin biya wa yaranta wannan karatu, ta Arewa ce ko ta Kudu, tambayar farko da jami'inta zai yi kafin ya sa hannu ita ce sunan jirgin da ranar hawa.

Lokaci ma yana da nasa lissafin. Ɗalibin da ya hau jirgin kamfanin ƙasa yana ɗan shekara 20 a shekarar da aka rushe shi, ya cika 50 a 2025, waɗanda suka koya masa kuwa galibinsu sun yi ritaya. Daga cikin irin waɗannan mutane ne ake samun malaman Oron, da masu yi wa ɗalibai jarrabawar baka, da masu shigo da manyan jirage tashoshin Ikko da Fatakwal, kuma wanda zai gaji kujerarsu a 2035 ya kamata a ce yana cikin jirgi a yanzu.