Dubiya ba zaman hira ba ce

Da zarar lokacin dubiya ya yi, ɗakunan kwanciya na manyan asibitocinmu, daga Murtala a Kano har Shika a Zariya, sai su koma kamar tashar mota. Mutumin da aka yi wa tiyata shekaranjiya, abokai sun kewaye gadonsa, kowa na jiran ya amsa masa "ya jiki" da bakinsa, ya kuma maimaita yadda ciwon ya faro. Ɗinki bai kame ba, barci bai ishe shi ba, amma kunya ta hana shi cewa ya gaji. Na gadon kusa da shi ma, da ba shi da alaƙa da baƙin, dole ya sha hayaniyar. Dubiyar da ta wuce 'yan mintoci ta fara zama wa majinyaci nauyi.

Za a ce duba mara lafiya haƙƙi ne da addini ya ɗora wa Musulmi, kuma wanda ya leƙo ya juya sai a ce ba shi da zumunci. Haƙƙin ba abin musu ba ne, amma malaman da suka yi bayanin ladubbansa sun so a taƙaita zama, sai fa in majinyacin ne ya nemi a daɗe. Ga shi kuma jikin da ke murmurewa bai da ƙarfin jure murar da mai dubiya ya shigo da ita.

Abokin da ke son amfanar da nasa, mai jinya ya kamata ya nema. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun jama'a suke fitowa, kuma wannan ɗawainiya a wuyan mai jinya take sauka. Shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke yawon neman magani, shi ke kwana bisa tabarma a baranda, in an rubuta ƙarin jini kuma shi ke buga wa dangi waya tsakar dare. Ledar lemon kwalba ba ta rage masa komai, balle in majinyacin mai ciwon suga ne. Gara a ja shi gefe a tambayi abin da likita ya rubuta a biya wani abu, ko a karɓe shi kwana guda ya je gida ya runtsa. Mai ƙoshin lafiya kuwa ya wuce ɗakin gwaji ya ba da jini leda ɗaya, domin sau da yawa rashinsa ne ke sa a ɗage tiyata.