Ƙanƙantar ɗaki ba ta hana ɗaukar hoto

A Walewale, kamar yadda yake a Yendi da Bawku, waya ta mai da kusan kowa mai ɗaukar hoto. Sai dai hoton waya ba shi da tabbas: ranar da ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya yi awon gaba da ita, fuskar kaka da taron suna sun tafi ke nan. Shi ya sa nake ganin har yanzu zango yana bukatar mai hoto na sana'a, wanda zai ɗauka, ya wanke, ya miƙa wa mutum abin da jikokinsa za su gani. Ga matashin da ke cewa ba shi da babban shago kuwa, ra'ayina shi ne zauren gidansu ya ishe shi.

Tarihi ya goyi bayan haka. A 1948 Seydou Keïta ya fara karɓar masu son hoto a tsakar gidansu a Bamako. Hasken rana ne fitilarsa, mayafin gadonsa kuma shi ya fara ratayawa a bayan mutane. A 2016 aka baje kolin waɗannan hotuna a Grand Palais na birnin Paris. Iya sarrafa haske ne ya kai shi can.

To, yaya ake sarrafa shi a ƙaramin ɗaki? A zaunar da mutum kusa da taga ko ƙofa, hasken ya zo masa ta gefe. In ranar ta yi zafi, a rataya farin ƙyalle mai shara-shara a tagar domin ya tausasa ta. A ɗaya gefen a kafa farin kwali, ya mai da haske kan kuncin da ke cikin duhu. A kashe ƙwan lantarki, gama launinsa dabam yake da na rana, haɗuwarsu kan ɓata launin fata. A bar tazarar kamar mita 1 tsakanin mutum da labulen baya, don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Labulen kuma ya zama mai launi ɗaya, domin batakari da ratsinsa yake zuwa, ba ya son kishiya.

Wani zai ce ai fitilun zamani sun fi. Gaskiya ne suna ba da damar aiki da dare da ranar hadari. Amma kuɗi ne da su, kuma in aka ɗauke wuta aiki ya tsaya. Wanda ya koyi karanta hasken taga, ranar da ya sayi fitila ya riga ya san inda zai kafa ta. Abin da ya fi cancantar kuɗin farko shi ne akwati mai murfi na ajiye kyamara, saboda ƙurar hunturu ba ta raga wa gilashi.

Akwai kuma fa'idar da babban shago ba shi da ita. Dattijuwar da ba za ta zauna a bakin titin Tamale zuwa Bolgatanga ana kallonta ba, za ta shiga gidan maƙwabta hankali kwance, balle in mace ce ke riƙe da kyamarar. Irin waɗannan fuskoki su suka fi saurin ɓace mana, su ya kamata a fara ɗauka.